Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Sa Wata Manhaja Take Gyaruwa Cikin Sauƙi, Wata Kuma Ta Zama Alaƙaƙai?

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu makarantu, masu kantuna, shugabannin ƙungiyoyin gama kai da ɗaliban kwamfuta a nan Bauchi. Sana'ata rubuta manhaja, amma mafi yawan aikin da yake zuwa hannuna gyaran abin da wani ya rubuta ya tafi ne. A wajen wannan aiki ne ake gane cewa kuɗin da aka biya ranar karɓar manhaja somin taɓi ne, sauran kuma halin ɓangarorin da aka haɗa ta da su ne zai yanke shi.

Mene ne ɓangaren manhaja? Ni a ganina manhaja abu ɗaya ce dunƙule.

A allo haka take, a ciki kuwa harhaɗe take. Ɗauki manhajar makarantar kuɗi irin waɗanda suke Fadaman Mada ko Yelwa. Akwai ɓangaren da yake riƙe sunayen ɗalibai, akwai mai lissafin maki ya fitar da sakamako, akwai mai karɓar kuɗin makaranta, mai tura wa iyaye saƙon tes, mai buga rasit, da mai tantance wanda ya shiga da kalmar sirri. Wanda ya sayar muku da ita bai rubuta duka da hannunsa ba, kuma wannan ba laifi ba ne. Wasu shi ya rubuta, wasu ya ɗauko su kyauta daga rumbunan masu sana'ar irin npm da Packagist, wasu kuma haya yake yi, kamar hanyar biyan kuɗi ta Paystack, Flutterwave ko Remita.

Tunanin ya daɗe. A 1968, a taron da ƙungiyar NATO ta shirya a Garmisch ta ƙasar Jamus, Douglas McIlroy na Bell Labs ya yi kira da a riƙa ƙera ɓangarorin manhaja da yawa, kowa ya zaɓa ya haɗa, a daina fara kowane aiki daga tushe. Burinsa ya cika har ya wuce gona da iri. Yau ƙaramar manhaja tana iya jawo ɓangarori ɗaruruwa, domin kowane ɓangare da aka ɗauko shi ma yana da waɗanda ya jingina da su.

Malam, manhaja ba ƙarfe ba ce balle ta yi tsatsa. Me ake gyarawa har ake neman kuɗi duk shekara?

Gaskiyarka, Alhaji, kod, wato rubutaccen umarnin da kwamfuta take bi, ba ya tsufa da kansa. Abubuwan da suke kewaye da shi ne ba sa tsayawa. Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100, sai duk manhajar da take lissafa shi ta zama mai kuskure a dare ɗaya ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A Disambar 2015 yaren rubuta manhaja na PHP ya fitar da sigarsa ta 7, wadda ta cire tsohuwar hanyar magana da rumbun bayanai na MySQL, don haka shafukan da aka gina a kan waccan hanya suka riƙa mutuwa duk lokacin da mai ba da hayar sabar, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai, ya sabunta kayansa. Adobe Flash ya rufe a ƙarshen 2020. Ko ba komai, kai kanka bana za ka buɗe sabon reshe a Azare, ka ce a raba lissafinsa.

Wasu masana biyu, Lientz da Swanson, sun bincika hukumomi da kamfanoni 487 suka fitar da sakamako a 1980. Gyaran kuskure kusan kashi 20 kawai ya ci na aikin kula da manhaja. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu ya tafi wajen daidaita ta da sauyin muhallinta, kusan rabi kuma wajen ƙari da ingantawa da masu amfani suka nema. Binciken ya tsufa, amma abin da nake gani a aiki bai saɓa masa ba. Shi ya sa tambayar “tana aiki?” ba ta isa ba ranar karɓa. A haɗa da “in an so sauya ta, nawa za ta ci, kuma wa zai iya?”

A cikin halayen ɓangare, wanne ne ya fi jawo wahala?

Idan aka ce in zaɓi ɗaya, zan ce yawan sarƙewarsa da sauran. Tambayar da nake fara yi wa kowace manhaja ita ce: in na taɓa nan, ina da ina ne za su motsa? Masu wayarin gida sun san wannan. Wani zai ja wayarsa cikin bututu, ya sa akwatin mahaɗa inda hannu zai kai, wani kuma ya binne ta tsirara cikin filasta. Ranar tarewa gidajen biyu haske ɗaya suke yi. Ranar da waya ta ƙone, a gida ɗaya zare ta ake yi a zura sabuwa, a ɗayan sai an kira mai guduma.

Ga yadda abin yake a aikace. An kawo mini manhajar wani kantin kayan gini da aka rubuta tun haraji yana kashi 5. Da aka nemi 0.05 a cikin kod ɗin, sai ga shi a shafin sayarwa, ga shi a wajen buga rasit, a rahoton ƙarshen wata, a lissafin kayan da aka dawo da su. A wani wurin ma ba a rubuta 0.05 ba, an raba kuɗin gida 20 ne, wanda bincike ba zai taɓa nuna shi ba sai ranar da akawu ya ga rasit da rahoto sun ƙi haɗuwa. Wani 0.05 ɗin kuma ba haraji ba ne sam, ragin da ake yi wa 'yan sari ne, kuma mai gaggawa zai sauya shi tare da sauran ya jawo wa mai kanti asara. Da ɓangare ɗaya aka ɗora wa lissafin haraji, sauran suna tambayarsa, da gyaran bai wuce layi ɗaya ba.

Mafi munin sarƙewar da nake cin karo da ita ita ce ta rumbun bayanai. Ɓangaren sakamako ya zura hannu kai tsaye cikin teburin kuɗin makaranta don ya ga wanda bai biya ba, ɓangaren saƙon tes shi ma ya shiga ya rubuta abinsa. Daga nan ko sunan layi ɗaya ba za ka iya sauyawa a teburin ba, domin ba wanda ya san adadin masu dogaro da shi. Larry Constantine da abokan aikinsa Stevens da Myers sun bayyana wannan matsala tun 1974 a mujallar kamfanin IBM, kuma shawararsu ba ta sauya ba har yau: dogaro tsakanin ɓangarori ya zama kaɗan kuma a bayyane, aikin da yake cikin kowane ɓangare kuma ya zama na dangi ɗaya.

Me ake nufi da aiki na dangi ɗaya? Kuma babban ɓangare ya fi ko ƙarami?

Gwada faɗin aikin ɓangaren da jimla ɗaya. “Yana lissafin maki.” Shi ke nan, lafiya lau. In kuwa sai ka ce yana lissafin maki, kuma yana buga katin sakamako, kuma yana tura tes, kuma yana hana wanda bai biya ba gani, to mutum huɗu ne za su iya zuwa su ce a sauya shi, kowa da dalilinsa, kuma gyaran ɗaya yana iya karya na ɗaya.

Batun girma ba shi da ma'auni tsayayye. Ɓangare mai girman gaske yana zuwa da kayan da ba ka buƙata, kuma dole ka riƙa sabunta su tare da shi. In aka daddatsa da yawa kuma, wahalar ta koma wajen kod ɗin da yake liƙa su, har mai gyara ya buɗe fayil goma kafin ya gano inda aka tara lamba biyu. Ni na fi auna ɓangare da abin da yake sauyawa tare: abubuwan da kullum ake taɓa su lokaci ɗaya su zauna wuri ɗaya.

Muna so mu bar kamfanin da yake karɓar mana kuɗi mu koma wani, an ce aikin wata biyu ne. Cuta ce ko gaskiya?

Yana iya zama gaskiya, Hajiya, kuma tushen abin yana ranar da aka fara ginin. Kowane ɓangare yana da ƙofar da ake magana da shi, wadda masu sana'ar suke kira API. Mai hangen nesa ba ya barin manhajarsa ta riƙa kiran kamfanin biyan kuɗi daga ko'ina. Yakan gina ɗan siririn ɓangare nasa a tsakani mai umarni kaɗan: fara biya, tabbatar an biya, mayar da kuɗi. Sauran manhajar wannan kaɗai ta sani, ko sunan kamfanin ba ta sani ba. Ranar sauya kamfani, cikin wannan ɓangaren kawai ake sake rubutawa. In kuwa sunayen bayanan kamfanin da tsarin amsarsa sun bazu cikin shafin rajista, rahoton akawu da wajen buga rasit, to sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma wata biyu ba ƙarya ba ce.

David Parnas ne ya kafa wannan ƙa'ida a 1972: a zauna a lissafa shawarwarin da ake jin za su iya sauyawa nan gaba, a ɓoye kowace a cikin ɓangarenta. A wajenmu jerin ba shi da wuyar yi. Kamfanin biyan kuɗi, kamfanin tura tes, nau'in firinta, tsarin maki, adadin haraji. Ki roƙi mai gyaran cewa in dai zai yi aikin, ya gina wannan matsakaicin ɓangaren yanzu, domin kada ki biya kuɗin sau biyu.

Sunan 'yata Sa'adatu, manhajar makaranta ta ƙi karɓarsa. Na ɗana Ɗahiru kuma yana fita da alamar tambaya. Wannan fa?

Wannan tambaya tana taɓa ni, domin iyaye da yawa sun haƙura sun sauya rubutun sunan 'ya'yansu saboda gazawar kod. Kowane ɓangare yana zuwa da zato a cikinsa wanda ba a rubuta a ko'ina ba. Wanda ya ƙi Sa'adatu ya ɗauka suna ba ya ɗauke da ɗan waƙafin sama, ko kuma, wanda ya fi haɗari, yana liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin rumbun bayanai, alamar ta tsinke umarnin. Ƙofar da ta karye da sunan Sa'adatu ita ce ɓarawon bayanai yake shiga ta cikinta, don haka ba ƙaramin gyara ba ne da za a ɗaga. Na Ɗahiru kuwa, wani ɓangare a kan hanya yana amfani da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsarin UTF-8 yana da su duka, amma sai kowa a layin ya yarda da shi: fom, rumbu, mai haɗa PDF, da samfurin rubutun da ake bugawa da shi. Ɗaya ya saɓa, alamar tambaya ta fito. Haka alamar ₦ take yi a kan wasu ƙananan firintocin rasit, haka kuma tsohon fom da ya san lambar waya da 080 da 070 kawai yake korar mai 091.

Ɓoyayyen zato ya taɓa cin abin da ya fi suna. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse daƙiƙa kusan 40 bayan tashinta na farko daga Kourou. An ɗauko manhajar auna motsi daga Ariane 4, inda ta yi aiki lafiya, amma sabuwar rokar tana gudun gefe fiye da tsohuwar. Wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, wanda bai ɗaukar abin da ya wuce 32,767, na'urar ta tsaya, ta ko-ta-kwana ma ta tsaya domin kod ɗinsu ɗaya. Ɓangaren da ya yi shekaru yana aiki a wani wuri bai zama shaida a kan sabon wuri ba sai an gwada shi a can.

Wanne ya fi: ɓangaren da aka saya a rufe ko wanda tushensa yake buɗe?

Kowanne da inda yake ciwo. Na rufe ba ka ganin cikinsa, in ya yi kuskure sai ka rubuta wa mai shi ka jira, in ya daina sayar da shi kuma ka shiga uku. Ga kuma batun dala: bayan da aka saki farashin naira a Yunin 2023, duk mai biyan haya wata-wata da kuɗin waje ya ji a jikinsa. Amfaninsa shi ne akwai wanda za ka kama da yarjejeniya. Na buɗe kana iya karantawa, ka gano matsala, har ka gyara.

Sai dai ina jan kunnen matasa a kan abu ɗaya. Kada ka buɗe cikin ɓangaren wani ka yi masa gyara a wurin. Ranar da sabuwar siga ta fito za ta share gyaranka, in ka ƙi sabuntawa don ka tsare gyaran kuma ka zauna da tsohon rami. Gaba kura, baya sayaki. Yi naka ƙarin daga waje ta ƙofar da aka tanada, ko ka aika wa masu shi gyaran su haɗa. A duba lasisi kuma: na MIT yana da sassauci, na GPL yana wajabta ba da tushen kod ga wanda ka raba wa manhajar da ka gina da shi.

Tunda kyauta ne, me zai hana in ɗauko duk wanda na gani?

Ƙanena, kowane ɓangare da ka ɗauko ka ɗauki nauyin bibiyarsa har ranar da za a kashe manhajar. A Maris 2016 wani mai rubuta kod ya janye ɗan ɓangarensa mai suna left-pad daga npm. Layi 11 ne kacal, aikinsa cike gurbi a gefen rubutu, amma manyan ayyuka irin Babel da React sun jingina da shi ta hannun wasu, sai dubban ayyuka suka kasa haɗuwa har aka mayar da shi. A Disambar 2021 aka gano rami a Log4j, ɓangaren ajiye tarihin aiki na yaren Java, wanda aka ba makin haɗari 10 cikin 10. Abin da ya fi wahalar da hukumomi a lokacin shi ne gano ko suna da shi ma, domin a wurare da yawa yana can ƙasa, wani ɓangaren ne ya shigo da shi. A Maris 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta ta nesa yana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofar shiga a xz Utils, wani ɓangaren matse fayil da ake yawan amfani da shi. Mai dasawar ya yi kusan shekara biyu yana taimako har ya samu amincewar mutum ɗaya tilo da yake ɗauke da aikin.

Kafin ka ɗauko, duba yaushe aka yi masa gyaran ƙarshe, mutum nawa suke riƙe da shi, ana amsa ƙorafin da aka shigar ko an bar su sun taru, kuma ɓangare nawa zai jawo maka a bayansa. Abin da za ka iya rubutawa da layi 20 ka fahimce shi, rubuta abinka. Abin da ya shafi ɓoye sirri da kalmar shiga kuwa, kada ka kuskura ka ƙirƙiri naka.

In manhaja tana aiki, ba gara a ƙyale ta ba sabuntawa ba?

Ana iya ƙyale ta wata ɗaya, ba a iya ƙyale ta shekara huɗu. Yawancin ɓangarori suna bin lamba uku, kamar 2.4.1. Ta ƙarshe in ta motsa gyaran kuskure ne, ta tsakiya ƙari ne da bai kamata ya karya komai ba, ta farko kuwa gargaɗi ce cewa an sauya ƙofa. Alkawari ne dai, ba kowa yake cika shi ba. Mai sabuntawa kaɗan-kaɗan yana tsallake ƙaramin rami kowane lokaci. Wanda ya bari suka taru zai tarar wannan ɓangaren yana son sabon yare, wancan bai yarda da sabon ba, na uku kuma an daina shi gaba ɗaya. Haka ta faru da masu amfani da yaren Python 2, wanda aka daina tallafa wa ranar 1 ga Janairu, 2020, duk da an yi shekaru ana shela.

Sabuntawa ido rufe ita ma ba hikima ba ce. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Hanyar tsakiya ita ce a kulle sigar kowane ɓangare a fayil irin composer.lock ko package-lock.json, a gwada sabuwar a kwamfutar gwaji, a ajiye kwafin bayanai, sannan a ɗora. Kuma ba a makon jarrabawa ba, ba ranar biyan albashi ba.

Wuta da netwok suna da hannu a wannan magana?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne kayan da aka rubuta a ƙasashen waje suka fi ba mu matsala, domin da yawansu sun ɗauka intanet ba ya yankewa. Uba ya biya kuɗin makaranta ta waya daga wani ƙauye a Ningi, banki ya cire, netwok ya ɗauke kafin amsa ta iso manhajar makaranta. Ya sake dannawa. Ɓangare nagari yana ba kowane biya lambar shaida tun farko, in ya ga lambar sau biyu ya san abu ɗaya ne, kuma yana komawa ya tambayi kamfanin biyan kuɗi daga baya. Maras kyau zai rubuta biya biyu ko ya ƙi rubuta ko ɗaya, a bar akawu da uban yaro suna jayayya a kan hoton alat. Haka in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta ciniki: ko dai a rubuta duka ko a fasa duka, kada kaya su fita daga lissafin sito kuɗinsu bai shiga ba.

Abin da ya haɗa wannan da sauƙin gyara shi ne tarihin aiki. Ɓangaren da yake rubuta abin da ya yi, da lokaci, da dalilin gazawarsa, ana gano ciwonsa cikin mintuna. Wanda yake haɗiye kuskure ya yi shiru, sai dai a yi ta lalube.

Ana iya auna sauƙin gyara da lamba, ko ra'ayi ne kawai?

Ana iya auna wani abu daga ciki. Ma'aunin ISO/IEC 25010 na 2011 ya kasa shi gida biyar: rabuwar ɓangarori, yiwuwar sake amfani da su, sauƙin gano matsala, sauƙin sauyawa, da sauƙin gwaji. Thomas McCabe a 1976 ya kawo ƙidayar hanyoyin da kod zai iya bi, ya ba da shawarar kada aiki ɗaya ya wuce 10. Chidamber da Kemerer a 1994 sun kawo ma'auni shida, ciki har da ƙidayar dogaro tsakanin sassa. Kayan aiki irin SonarQube suna fitar da irin waɗannan lambobi.

Ni dai ina ɗaukarsu a matsayin masu nuna inda za a duba. Gwajin da na fi yarda da shi: a ba wanda bai taɓa ganin kod ɗin ba ƙaramin gyara, a ga ko zai iya tayar da manhajar a kwamfutarsa ya kammala ba tare da ya kira mai ita ba.

Rubutaccen bayani da gwaji, ba ɓata lokaci ba ne ga ƙaramin aiki?

A'a. Yawancin manhajojin garin nan mutum ɗaya ne ya rubuta su, sau da yawa ɗalibi ko ɗan bautar ƙasa, kuma rayuwa za ta kai shi Abuja ko Legas. Shafi biyu sun wadatar: yadda ake tayar da ita, ɓangarorin da take amfani da su da sigoginsu, da dalilin duk wata shawara da za ta ba baƙo mamaki. Gwaji mai sarrafa kansa kuma a fara shi daga inda kuɗi da maki suke. Ɓangaren da ba ya gwaduwa sai an kunna rumbu, intanet da firinta gaba ɗaya, ya riga ya gaya maka cewa a sarƙe yake.

A makaranta an ce tsarin zamani shi ne a raba manhaja ƙananan ayyuka, kowanne da sabar tasa. In bi?

Kamfanoni irin Netflix da Amazon sun bi wannan hanya ne domin suna da tawagogi masu yawa da suke son kowa ya saki aikinsa ba tare da jiran wani ba. Ku biyu ne a shago ɗaya a Wunti. Ku gina manhaja ɗaya mai tsabtatattun iyakoki a cikinta. In iyakokin sun yi kyau, rabawa daga baya ba ta da wuya. In ba su yi ba, rabawar za ta ƙara muku matsalar netwok ne a kan wadda kuke da ita.

Tamu ta riga ta cakuɗe. A rushe a sake, ko a ci gaba da faci?

Mai gyara yakan so rushewa, domin rubuta sabo ya fi karanta na wani daɗi. Ni ba na saurin ba da wannan shawara. Tsohuwar manhaja, duk muninta, tana ɗauke da ƙa'idojin da ba wanda ya rubuta a takarda: ragin ɗa na uku a gida ɗaya, 'ya'yan malamai, marayun da wani bawan Allah yake biya wa, bashin zangon baya. Sabuwa za ta manta rabinsu, sai an yi rigima a tuna. Abin da ya fi aminci shi ne a zaɓi ɓangaren da ya fi ciwo, a kewaye shi da ƙofa, a rubuta gwajin da ya kama halinsa na yanzu, a maye gurbinsa, sannan a matsa gaba. Ana rushewa ne in yaren ko ginshiƙin da aka gina ta a kai ya mutu ba hanyar sabuntawa, ko in tushen kod ɗin ma ba ya hannunku.

To in zan ba da sabon aiki, me zan sa a yarjejeniya?

Ranka ya daɗe, tun ran gini tun ran zane. A rubuta cewa tushen kod naka ne, kuma a ajiye shi a ma'ajiyar kod ta Git da aka buɗe da sunan makarantarka ko kamfaninka, ana zuba aiki a ciki tun daga makon farko. Sunan shafi, hayar sabar, asusun kamfanin biyan kuɗi da na tura tes, duka a buɗe su da imel da lambar wayar ofis, kai ka ba mai aikin izinin shiga. Na sha ganin shafin da ya mutu domin sanarwar sabunta haya tana zuwa imel ɗin wanda ya bar gari.

A nemi jerin duk ɓangarorin da aka yi amfani da su, da siga, da lasisi, da wanda ake biya da kuɗin da ake biya. Gwamnatin Amurka ta sa irin wannan jeri cikin umarnin shugaban ƙasa na Mayun 2021 kan tsaron manhajar da take saya, kuma akwai tsararrun hanyoyin rubuta shi irin SPDX da CycloneDX, amma a wajenka ko tebur ɗaya na Excel ya fi babu. A fayyace waɗanne ɓangarori ne suke fitar da bayanan mutane waje da inda suke kai su, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana ɗora nauyi a kan wanda ya tara bayanan, ko da wani ne yake sarrafa masa su. A tabbatar kana iya fitar da bayananka duka a fayil da kowace manhaja za ta karanta. A yanke kuɗin kulawa na shekara da abin da ya ƙunsa, a bambanta gyaran kuskure da sabon ƙari. Kason ƙarshe na kuɗin aiki kuma a riƙe shi har sai wani injiniya na daban ya ɗauki bayanin da aka rubuta, ya tayar da manhajar a wata kwamfuta, ya dawo da kwafin bayanan jiya a gabanka.